Yadda ake haɗa wa moton lantarki inbata ta VFD don rage gudu da ƙarawa

Tambayar nan ta yi yawa, daga masu injin niƙa a Aboabo da Asawase cikin Kumasi, da masu gidan ruwan leda, har da kafintocin Sokoban masu injin tsaga katako: yaya ake sa wa moto inbata a riƙa rage masa gudu ana ƙarawa, ba tare da an canja fule ba? Wasu ma sun riga sun sayo ta, tana nan a kwali suna tsoron taɓawa. Tsoron yana da dalili. Manyan wayoyinta ba su wuce bakwai ba, amma aikin yana da jeri, kuma wanda ya sa na baya a gaba yana iya ƙona ta a kunnawar farko.

Ga abin da ya kamata ka riƙe kafin mu fara. Wutar da kamfanin wuta na ECG ke ba mu tana kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa ɗaya, shi ne 50 Hz da kake gani a jikin kayan wuta. Moto mai fes uku, wato mai shan wuta ta layi uku, wannan bugun yake bi. Lissafin shi ne 120 sau Hz, a raba da yawan fol ɗin moton, wato kawunan maganaɗisun da kwayil ɗinsa ke yi. Mai fol 4 a kan 50 Hz zai ba da juyi 1500 a minti, mai fol 2 kuma 3000, sai dai da kaya a kansa yakan ɗan gaza, shi ya sa ake ganin 1440 ko 2880 a rubuce. Inbata tana karɓar wutar layi, ta mai da ita wutar DC irin ta batir, ta tara a manyan kafasita, sannan ta sassaro ta da sauri ta fitar da sabuwar wuta mai fes uku a kan Hz ɗin da ka zaɓa. Ka ba ta 25 Hz, moto ya yi rabin gudu. Tana rage bolt tare da Hz, moton bolt 400 a kan 25 Hz kusan bolt 200 yake samu, don kada kwayil ya sha wutar da ta fi ƙarfinsa.

1. Karanta farantin moto

Kada ka je kasuwa sai ka yi wannan. A jikin kowane moto akwai ɗan farantin ƙarfe. Goge shi da tsumma da ɗan kananzir, ka ɗauki hotonsa da waya, ka kuma kwafe abubuwa shida a takarda: kilowat ko doki, bolt, amfiya, Hz, juyi a minti, da alamar haɗi, wato Y (sita) ko Δ (delta).

Dubi bolt ɗin da kyau. In ka ga 230/400, moton yana aiki da bolt 230 a haɗin delta, da 400 a haɗin sita. In ka ga 400/690, delta ɗinsa 400 ne, kuma ba zai ba da ƙarfinsa da inbata mai bolt 230 ba. Moton da ake saukewa daga Amurka yakan zo da 60 Hz, ka rubuta yadda ka gani, za ka buƙace shi a mataki na 7.

Gargaɗi: in moton mai fes ɗaya ne, wanda ke da kafasita a goye a bayansa kamar na ƙaramin famfon gida, ajiye maganar nan. Inbatar da muke bayani ta moto mai fes uku ce. In ka haɗa ta da mai kafasita, ko ta yi ta yankewa ko ɗayansu ya ƙone.

In farantin ya goge, ko an taɓa yi wa moton riwayin, kai shi wurin mai riwayin a Suame Magazine ya auna maka amfiyar da yake ja, ya gaya maka fol nawa ya naɗa. Kada ka yi ƙiyasi da girman jikinsa.

2. San irin wutar da ke shagonka

Auna da mita. Fes ɗaya bolt 230 ne tsakanin layi da nutural. Fes uku kusan bolt 400 ne zuwa 415 tsakanin layi da layi. Auna da safe, ka sake aunawa da magariba lokacin da unguwa duka ta kunna kaya, domin a lokacin ne wuta ke faɗuwa a yawancin lungunanmu.

Mai fes ɗaya ba a bar shi a baya ba. Akwai inbata da ke shan fes ɗaya ta fitar da fes uku, yawanci har zuwa kilowat 2.2, wato doki 3. Amma fes ukun da take fitarwa na bolt 230 ne, ba 400 ba. Kuma tana jan wuta da yawa ta gefen shiga, mai kilowat 2.2 takan ja amfiya 20 ko fiye, saboda haka siririyar wayar soket ba za ta ɗauka ba. A ja mata layinta daga allon wuta kai tsaye.

3. Zaɓen inbata da lissafin kuɗi

A nan ne mutane suka fi yin asara. Mai shago zai tambaye ka doki nawa, kai kuma ka duba amfiya. Amfiyar da inbata ke fitarwa dole ta kai ta farantin moto ko ta ɗara. Moton kilowat 7.5, wato doki 10, a bolt 400 yakan ja kusan amfiya 15, to inbatar da ke ba da 13 ba taka ba ce ko me aka rubuta a kwalinta.

Sai nauyin aikin. Fanka da famfon ruwa suna tashi da sauƙi, nauyinsu sai gudu ya ƙaru yake zuwa. Injin niƙa, injin dakan sakwara, injin kwaɓa siminti na masu bulo da kwamfuresa kuwa da nauyi suke tashi tun daga juyin farko. Inbatoci da yawa suna da lamba biyu a jiki, ta aiki mai sauƙi da ta aiki mai nauyi. Ta mai nauyi tana jure kashi 150 cikin ɗari na amfiyarta na tsawon minti ɗaya, ta mai sauƙi kuwa kashi 110 zuwa 120 kawai. Mai niƙa ya duba lambar aiki mai nauyi, kuma ni shawarata ya hau mataki ɗaya sama: moton kilowat 7.5, inbatar kilowat 11. Jiƙaƙƙiyar masarar dokunu in ta cushe tsakanin faranti, ƙaramar inbata yankewa za ta yi ta yi, masu jira a layi suna kallonka.

Farashi yana bin dala, don haka ka tambayi shaguna biyu ko uku a rana ɗaya. ABB, Siemens, Schneider da Danfoss sun fi tsada, Delta da INVT sun fi sauƙin kuɗi kuma suna aiki lafiya in an zaɓi girman daidai. Abin da na fi damuwa da shi ya wuce suna: kada ka karɓi inbatar da ba ta da littafinta, ko wadda ba a samun littafin a intanet da lambar da ke jikinta. Ba tare da littafi ba, ba za ka san wace lamba ce ke saita me ba.

Ta hannu da aka sauko da ita daga Turai tana da araha, amma araha ba ta ado. Ka sa a kunna maka ita da moto a gabanka, ka ji ko fankarta tana juyawa. In ta yi shekara biyu ko fiye a ajiye, kafasitocinta sun yi sanyi, a bar ta a kunne ba tare da moto ba na awa ɗaya ko biyu kafin a ɗora mata kaya.

Kuɗin ba na inbata kaɗai ba ne. Ka sa bireka a lissafi, da kebul mai waya huɗu, da akwatin ƙarfe mai fanka, da na'urar kare tsawa, da sandar ati in babu, da ladan mai haɗawa. Dokar haɗa wuta ta Ghana ta 2011, L.I. 2008, ta ce mai takardar shaidar Energy Commission ne zai yi aikin waya a gini. In ba ka da ita, ka kira mai ita ya ja layin daga allo zuwa bireka, kai ka tsaya a kansa da wannan jagorar.

Maganar ragin kuɗin wuta kuma, a faɗe ta yadda take. A fanka da famfo ragin babba ne: in ka sauke gudu zuwa kashi 80 cikin ɗari, wato 40 Hz, ƙarfin da ake buƙata yana sauka zuwa kusan rabi. Fankar da ke cin yunit 70 a rana tana iya komawa kusa da 40. Famfon da ke tura ruwa sama zuwa tanki mai tsayi ba ya samun ragi haka. A injin niƙa kuwa ragin kaɗan ne. Ribar mai niƙa tana wani wuri: moton da aka kunna kai tsaye yana fizgar amfiya ninki 6 zuwa 8 lokacin tashi, fitilun maƙwabta su dusashe, bel ya yi ƙara, janareto ya durƙusa. Da inbata a hankali yake tashi, bel da boris su daɗe.

4. Kayan aiki

Mita mai auna AC da DC har bolt 1000, mitar matse waya mai auna amfiya, sukudireba masu rufin roba manya da ƙanana, filayar matse kan waya da kawunan da ake matsewa, abin fere waya, da injin huda bango. In kana da mega mai gwada rufin kwayil, gwada moton yanzu, kafin a haɗa.

Gargaɗi: kada a taɓa sa mega a kan waya alhali tana haɗe da inbata. Bolt 500 ko 1000 da take turawa yana kashe kayan cikinta nan take.

5. Inda za a kafa ta

A tsaye ake kafa ta a bango, da sarari aƙalla santimita 10 sama da ƙasa, don iska ta shiga ta ƙasa ta fita ta sama. Yawancinsu an yi su ne don zafin da bai wuce digiri 40 ba, kuma shagon kwano a watan Fabrairu ko Maris da rana tsaka yana kaiwa nan, balle cikin akwatin da aka rufe. Nesa da kwanon rufi, nesa da hasken rana, nesa da inda ruwa ke fantsama.

Wadda aka rubuta wa IP20 ba ta da kariyar ƙura ko kaɗan. Garin masara, dusar katako da ƙurar hunturu suna toshe mata hanyar iska. A gidan niƙa ko wurin kafinta, ko dai a sa ta cikin akwati mai fanka da matacin iska, ko a kafa ta a ɗakin da ke bayan bango a ratso da kebul, ko a sayi mai IP55 ko IP66 tun farko. A Magazine, inda ake walda da gurza ƙarfe, abin ya fi haɗari, domin garin ƙarfe yana ɗaukar wuta.

6. Haɗa wayoyi

Kashe babbar bireka, ka auna ka tabbatar babu wuta, ka kuma gaya wa yaran shago kada kowa ya taɓa allon.

Fara da akwatin moto. Akwai ƙusoshi shida da 'yan faranti uku. In faranti sun kwanta sun haɗa ƙusoshi uku na jere ɗaya, sita ke nan. In sun tsaya uku a jere, kowanne ya haɗa na sama da na ƙasa, delta ke nan. Moton 230/400 da inbata mai fitar da 230: delta. Shi ɗin dai da inbata mai fitar da 400: sita. Moton 400/690 da inbatar 400: delta. Wanda ya bar moton 230/400 a sita ya ba shi 230, zai ga yana juyawa amma ba ƙarfi, da an zuba hatsi ya tsaya. Wanda ya sa shi a delta ya ba shi 400 kuwa, wutar ta yi masa yawa.

In da can akwai sitata ta sita-delta, cire ta gaba ɗaya. Waya uku ne kawai za su tafi moto, ta huɗu ati.

Sai ati. Haɗa PE na inbata, wato ƙusar ati ɗinta, da sandar ati, ka kuma ja waya daga jikin moto zuwa PE ɗin inbatar kai tsaye. Inbata tana yoyon wuta kaɗan zuwa jiki ko da lafiyarta lau, kuma a gidan ruwan leda inda ƙasa ke jiƙe ma'aikata suna tafiya da silifas, wannan waya ita ce tsakaninsu da mutuwa.

Wutar shiga daga bireka tana zuwa R, S, T, wasu sukan rubuta L1, L2, L3. Mai fes ɗaya L da N ne, ko L1 da L2. Wayoyin moto suna fita daga U, V, W. Girman bireka da kaurin waya suna cikin littafin, bi su.

Gargaɗi mafi girma a aikin nan: in wutar ECG ta shiga U, V, W, inbata ta mutu a daƙiƙar da aka ɗaga bireka, kuma babu mai shagon da zai karɓa. Bi kowace waya da yatsa daga farko zuwa ƙarshe, sau biyu.

Tsakanin inbata da moto kada a sa komai: ba makunni, ba kwantakta da za a riƙa buɗewa moto na gudu, ba kafasita. Sai dai in kebul ɗin zai wuce mita 50, kamar na famfon rijiyar burtsatse, a sa riyakta, wato naɗin waya mai tace wutar, a gefen fita don kare kwayil. Siraran wayoyin maɓalli kuma kada su bi bututu ɗaya da kebul ɗin moto.

Duk lokacin da za ka sake buɗe murfin bayan an taɓa kunna ta, jira minti 10. Kafasitocin nan kamar randa suke, an rufe famfo amma ruwa na ciki. A inbatar fes uku suna riƙe fiye da bolt 500 na DC, a ta fes ɗaya fiye da 300. Ko allon ya mutu, sa mita a DC tsakanin + da −, sai ka ga ƙasa da bolt 50 sannan ka sa hannu.

7. Gaya mata wane moto ne

Cire bel tukuna. Ɗaga bireka, allon zai kama, amma kada ka danna RUN. Lambobin saiti sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, abin da ake saitawa dai iri ɗaya ne.

In ta hannu ce, fara mai da ita saitin masana'anta, don ba ka san aikin da ta yi a baya ba. Sannan ka ɗauko takardar mataki na 1 ka shigar da kilowat, bolt, amfiya, Hz da juyi yadda suke a farantin. Amfiyar nan ita ce kariyar motonka. In inbatar ta fi moton girma kuma ba ka shigar ba, za ta ɗauka babban moto ne, ta zuba ido ƙaramin ya ƙone.

Sa iyakar sama a 50 Hz. Ana iya wucewa, amma ƙarfin murɗawa yana raguwa daga nan, kuma farantin niƙa, dutsen wasa wuƙa da zarto kowanne yana da gudun da in ya wuce zai iya tarwatsewa. Iyakar ƙasa kuma kada ta gaza 20 zuwa 25 Hz ga moton da zai daɗe yana aiki da kaya. Fankar da ke sanyaya shi a kan sandarsa take, in ya rage gudu ita ma ta rage, zafi ya taru. Mai son gudu ƙasa da haka na tsawon lokaci ya ɗaura masa fanka ta daban mai wutarta.

Lokacin tashi: fara da daƙiƙa 10, injin mai nauyi 15 zuwa 20. Lokacin tsayawa ya fi wannan tsawo. Injin da ke da babban fule ko zarto mai nauyi, in aka tilasta masa tsayawa da sauri, moton yana komawa janareto ya turo wuta baya, inbata ta yanke. Mafi sauƙi a zaɓi saitin da ke sakin moto ya tsaya da kansa. Mai buƙatar tsayawa nan take sai ya sayi rezista ta birki.

Famfon cikin rijiyar burtsatse dokarsa daban. Boris ɗinsa da ruwa yake samun santsi, sai ya yi gudu ruwan ke ɗaga shi. Iyakar ƙasa 30 Hz, kuma ya kai 30 ɗin cikin kusan daƙiƙa ɗaya, daga nan ya hau a hankali.

In akwai saitin da inbata ke auna moto da kanta, yi shi yanzu da bel a cire. Za ka ji moton yana ɗan kuka na minti ɗaya ko biyu, wani lokaci ya juya, don haka kowa ya janye hannu.

8. Gwaji

Sa 5 ko 10 Hz ka danna RUN. Dubi inda yake juyawa. In baya yake yi, tsayar, kashe bireka, jira mintunan nan 10, ka musanya biyu daga cikin U, V, W. Musanya wayoyin shiga ba ya canja komai.

Hau zuwa 25, sannan 50, kana duban amfiya a allon inbatar. Moto ba kaya yakan ja kusan sulusi zuwa rabin amfiyar farantinsa. Siririn fito da za ka ji daga moton ba matsala ba ne, saran wutar ne. Ana rage shi da ɗaga lambar kHz, wato saurin saran, amma hakan yana ƙara wa inbata zafi, ni a wurinmu nakan bar ta yadda ta zo.

Mai da bel, ka fara da kaya kaɗan, ka ƙara har cikakken aiki. Amfiya kada ta zauna sama da ta farantin. Bayan rabin awa taɓa jikin moton da bayan hannu, ka kuma ji iskar da ke fita ta saman inbata.

9. Maɓalli da abin murɗawa

Yaran shago da hannu duk gari ko mai ba za su bar allon inbata ya daɗe ba. Sa musu maɓallin kunnawa a waje, tsakanin ƙananan ƙusoshin inbatar da aka rubuta wa COM da FWD ko DI1, da abin murɗa gudu mai ƙafa uku, yawanci mai kilo-om 5 ko 10. Ƙafafun gefe suna zuwa +10V da GND, ta tsakiya AI1. Sai ka koma saiti ka gaya mata ta karɓi umarni daga waɗannan wayoyi, in ba haka ba za ka yi ta murɗawa ba abin da zai motsa. Kada wutar 230 ta kusanci waɗannan ƙananan ƙusoshi.

Kada a mai da bireka makunnin yau da kullum. Yawan ɗagawa da saukewa yana gajiyar da abin da ke cika kafasita. Kuma a kashe saitin da ke sa ta tashi da kanta in wuta ta dawo. Mun san dumso: wuta ta ɗauke, yaro ya sa hannu cikin injin yana share faranti, wuta ta dawo ba sallama.

10. In ta yanke

Karanta abin da ta rubuta kafin ka danna RESET. OC na nufin amfiya ta yi tsalle: lokacin tashi ya yi gajere, ko injin ya cushe, ko waya ta haɗe. OV bolt ya yi yawa, galibi wajen tsayawa, ƙara lokacin. UV ko LU wutar layi ta faɗi, ko fes ɗaya ya ɗauke. OL kaya sun yi wa moto yawa. OH zafi ne, duba fanka da ƙura. In OC ta fito tun kafin moto ya motsa, kada ka sake dannawa, cire wayoyin moton ka gwada shi shi kaɗai.

Sau ɗaya a wata, a lokacin hunturu kuma duk mako biyu, kashe wuta, jira, ka hure ƙurar da busasshiyar iska. Bayan watan farko sake ɗaure ƙusoshin wayoyi, girgizar injin tana kwance su. Lambobin da ka saita kuma ka rubuta su a takarda ka manna a cikin murfin akwatin, tare da hoton farantin moton.